MAKARIN ƘWAYA: MAGANIN DA KE MAIDO DA NUMFASHI

A cikin watan Maris na shekarar 2023 ne Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta ƙasar Amurka ta ba da izinin a riƙa sayar da wani magani mai suna Narcan a kantuna ba tare da takardar likita ba, watau kamar yadda ake sayar da maganin ciwon kai. Shi wannan magani, wanda likitoci suka fi sani da sunansa na asali nalokson, aikinsa ɗaya ne tak, shi ne maido da numfashin mutumin da ya sha ƙwaya ta yi masa yawa har ya kai bakin mutuwa. An ɗauki shekara 62 kafin maganin ya fito daga ɗakin bincike da kabad ɗin asibiti ya kai ga kantin unguwa. Batun kuwa ya shafi Nijeriya ƙwarai, domin wasu daga cikin ƙwayoyin da yake karya ƙarfinsu su ne matasan ƙasar nan suke sha a Kano da Kaduna da Ikko da Fatakwal.

WAƊANNE ƘWAYOYI NE?

Akwai wani tsiro mai fure da ake nomawa a ƙasashe irin su Afganistan da Bama, wanda in an tsaga ɗansa yakan fid da ƙaro. Wannan ƙaro shi ne ofiyam, kuma daga cikinsa ne ake samun mofin da kodin, sa'an nan daga mofin ake sarrafa hiroyin. Daga baya masana suka koyi harhaɗa wasu magunguna masu aiki irin nasa a masana'anta ba tare da tsiron ba, kamar tiramadol da fentazosin da fentanil. Dukansu dangi ɗaya ne, kuma ban da hiroyin da aka haramta a yawancin ƙasashe, magunguna ne masu amfani waɗanda likitoci ke ba wanda aka yi wa tiyata, ko mai ciwon daji, ko mai ciwon sikila in ciwon ya tashi.

Hatsarinsu yana cikin yadda suke aiki ne. In sun shiga jini sukan je su manne a wasu gurabu na musamman a cikin ƙwaƙwalwa, su kashe zafin ciwo, su kawo kasala da jin daɗi. To, amma irin waɗannan gurabu suna nan har a sashen ƙwaƙwalwa mai kula da numfashi. Saboda haka in ƙwayar ta yi yawa, sai numfashi ya yi ta raguwa sannu a hankali, mutum yana cikin barci mai nauyi, har ya tsaya cik. Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta jure rashin iska. Cikin minti 4 zuwa 6 sai ta fara lalacewa. Sau da yawa wannan mutuwa ba farat ɗaya take zuwa ba, takan ɗauki mintoci masu yawa, wani lokaci ma sa'o'i, kuma sau da yawa akwai mutane a kusa waɗanda suke zaton barci mutumin yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum kimanin 600,000 ne suka mutu a duniya ta dalilin shaye-shayen miyagun ƙwayoyi, kusan kashi 80 cikin 100 suna da nasaba da dangin ofiyam, kuma kimanin 125,000 daga cikinsu shan abin da ya wuce kima ne ya kashe su kai tsaye.

ASALIN MAGANIN

Wani masanin harhaɗa magunguna mai suna Jack Fishman, haifaffen ƙasar Polan wanda ya zauna a birnin Niyu Yok, shi da abokin aikinsa Mozes Lewenstein ne suka nemi rajistar nalokson a shekarar 1961. A shekarar 1971 hukumomin Amurka suka amince a yi amfani da shi. Yadda yake aiki abin sha'awa ne. Ya fi ƙwayoyin nan ƙarfin manne wa guraban ƙwaƙwalwa, saboda haka da ya shiga sai ya ture su ya zauna a mazauninsu, shi kuwa ba ya sa maye, ba ya rage numfashi. Cikin minti 2 zuwa 3 mutumin da ya sume yakan ja numfashi ya buɗe ido. In kuwa aka ba wanda bai sha irin waɗannan ƙwayoyi ba, ba abin da zai yi masa. Shi ya sa ba wanda ke sayensa don maye, ba kuma wanda jikinsa ke sabawa da shi.

Duk da haka, shekara da shekaru maganin yana hannun likitoci da ma'aikatan motar asibiti kaɗai. Wanda ya faɗi a ɗaki ko a lungu sai ya jira a kai shi asibiti, da yawa kuwa ba su kai ba. Wani abin tausayi shi ne, fiye da shekara 40 bayan gano maganin, agolan Fishman kansa ya mutu a Jihar Fulorida sanadiyyar hiroyin, a lokacin da dokar jihar ba ta yarda mutumin gari ya riƙe nalokson ba. Bayan rasuwar Fishman a shekarar 2013, matarsa ta shiga sahun masu fafutikar a bar maganin ya kai hannun jama'a.

DAGA SHIKAGO AKA FARA

A shekarar 1996 wata ƙungiyar agaji ta birnin Shikago mai suna Chicago Recovery Alliance, a ƙarƙashin wani mutum mai suna Dan Bigg, ta fara raba nalokson ga masu shan hiroyin kansu tare da koya musu yadda ake yin allurar. Abin da ya tunzura su shi ne mutuwar ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar. Hujjarsu kuwa a fili take: wanda ya fi kusa da mai shan ƙwaya a sa'ad da ya faɗi shi ne abokin shansa, ko matarsa, ko uwarsa, saboda haka a hannunsu ya kamata makarin ya kasance.

Da farko mutane da yawa sun yi suka, suna cewa wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne, wai in mashayi ya san akwai abin da zai tashe shi zai ƙara yawan abin da yake sha. Binciken da aka yi ta yi daga baya bai nuna haka ba. Dalili ɗaya shi ne farfaɗowa da nalokson ba abin daɗi ba ne ga wanda jikinsa ya saba da ƙwaya, domin yakan tashi da amai da gumi da ciwon gaɓoɓi da rawar jiki, ba wanda zai nemi haka da gangan. Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka ta ba da rahoto cewa daga 1996 zuwa tsakiyar 2014 ƙungiyoyi irin wannan sun ba mutanen gari fiye da 152,000 maganin, kuma an sami labarin farfaɗo da mutane sau fiye da 26,000.

Sauran ƙasashe ma ba a bar su a baya ba. Italiya ta halatta sayar da maganin a kemis ba takardar likita tun 1996. Jihar Niyu Meziko ta Amurka ta yi dokar sauƙaƙa samunsa a 2001, sa'an nan a 2007 ta zama jiha ta farko da ta yi dokar kāre wanda ya kira agaji domin wani da ƙwaya ta kayar, don kada tsoron kamu ya sa mutane su gudu su bar ɗan'uwansu ya mutu. A 2011 Sikotland ta fara shirin raba maganin kyauta a faɗin ƙasar, har da fursunoni a ranar da za a sake su. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa duk wanda ake jin zai iya tarar da mai irin wannan suma a ba shi maganin a kuma koya masa amfani da shi. Kanada da Ostareliya suka ɗage sharaɗin takardar likita a 2016.

Maganar fursunoni tana da dalili. Jikin mai shan ƙwaya yakan saba da ita har ya riƙa ɗaukar mai yawa, amma in ya yi makonni bai sha ba sai wannan sabo ya gushe. In ya fito daga kurkuku ko daga gidan gyaran hali ya koma ya sha daidai yadda ya saba a da, sai ta kayar da shi. A Sikotland, daga 2006 zuwa 2010, kusan kashi 10 cikin 100 na masu mutuwa ta wannan hanya mutane ne da ba su wuce mako 4 da fitowa daga kurkuku ba. Bayan fara shirin, daga 2011 zuwa 2013, adadin ya sauka zuwa kimanin kashi 6.

BALA'IN FENTANIL

Abin da ya tilasta wa Amurka buɗe ƙofa gaba ɗaya shi ne fentanil na bayan fage, wanda ya ninka hiroyin ƙarfi kamar sau 50, ya ninka mofin kamar sau 100, har miligiram 2 kacal na iya kashe mutum. Dillalai suna cuɗa shi da wasu ƙwayoyi ba tare da sanin mai saye ba. A shekarar 2021 waɗanda ƙwaya ta kashe a ƙasar sun haura 100,000 a karo na farko a cikin shekara guda, a 2022 kuma suka kusa 108,000, fiye da 80,000 daga cikinsu ta dalilin dangin ofiyam.

A watan Nuwamba na 2015 aka amince da nalokson na fesawa a hanci mai miligiram 4, wanda ba ya bukatar allura ko wata ƙwarewa. A watan Afrilu na 2018 Babban Likitan Gwamnatin Amurka na lokacin, Jerome Adams, ya yi kira ga jama'a su riƙa yawo da shi. Da aka fara sayar da shi a kantuna a watan Satumba na 2023, kwali mai guda 2 yana kan dala 45 ne, kuɗin da ya yi wa talaka yawa, saboda haka jihohi da birane suka ci gaba da raba shi kyauta a makarantu da ɗakunan karatu da gidajen yari, wasu ma suka girka akwatuna a bakin titi inda kowa zai ɗauka ba tambaya. A shekarar 2024 adadin mace-macen ya sauka zuwa kimanin 80,000, kuma hukumomin lafiya na ƙasar sun lissafa yaɗuwar nalokson cikin dalilan wannan sauƙi.

YADDA AKE GANEWA DA YADDA AKE AGAJI

Alamomi uku ne likitoci suka fi dogara da su. Na farko, mutum ya sume, a kira shi a girgiza shi bai motsa ba. Na biyu, numfashinsa ya ragu ƙwarai ko ya tsaya, ko kuwa a ji yana wani irin minshari mai kama da kakari. Na uku, in an buɗe idonsa a ga baƙin tsakiyar ya tsuke ya zama kamar kan allura. Har wa yau leɓɓa da farce sukan sake launi, ga mai baƙar fata su yi toka-toka, jiki kuma ya yi sanyi.

Wanda ya tarar da haka, sai ya kira sunan mutumin da ƙarfi, ya dunƙule hannu ya goga a ƙashin ƙirjinsa. In bai farka ba, a tura wani neman agaji ko mota nan da nan; a Nijeriya lambar gaggawa ita ce 112. Sa'an nan a kwantar da shi rigingine. In maganin na hanci ne, a zura bakin robar cikin ƙofar hanci ɗaya a danna sau ɗaya, kada a gwada fesawa a iska tukuna, gama abin da ke ciki na shan ɗaya ne. In na allura ne, ƴar kwalbar takan ƙunshi miligiram 0.4, ana yin ta a tsokar cinya ta waje ko a dantse. In ba ya numfashi, a ɗaga haɓarsa, a toshe hancinsa, a riƙa hura masa iska baki da baki sau ɗaya kowane daƙiƙa 5. Idan minti 2 zuwa 3 suka wuce bai farfaɗo ba, a ƙara masa wani, na hanci a ɗaya ƙofar. Da ya fara numfashi a juya shi ya kwanta ta gefe don kada amai ya shaƙe shi.

Akwai abubuwan da aka saba yi a gida waɗanda ba su da amfani a nan, wasu ma suna ƙarasa mutum. Ɗura wa wanda ya sume madara ko manja ko ruwan gishiri yana iya sa abin ya bi ta hanyar iska ya cika masa huhu. Kwara masa ruwan sanyi ko marinsa ɓata lokaci ne. Mafi muni shi ne a rufe shi a ɗaki a ce a bar shi ya yi barci ƙwayar ta sake shi, domin da yawa a cikin irin wannan barci suke tafiya.

IYAKAR ƘARFINSA

Wajibi ne mai karatu ya san cewa ƙarfin nalokson ba ya wuce minti 30 zuwa 90 a jiki, alhali ƙwayoyi da yawa sun fi haka daɗewa. Ana iya ganin mutum ya tashi yana magana, bayan sa'a guda ya sake sumewa. Don haka ko ya farfaɗo sai an kai shi asibiti, kuma kada a bar shi ya ƙara shan wani abu don ya kashe zafin da yake ji. Haka kuma maganin ba ya aiki a kan giya, ko hodar Iblis, ko ƙwayoyin barci irin su Valium da Rohypnol. Amma da yake mashaya sukan haɗa iri-iri, shawarar likitoci ita ce in ana shakka a ba da shi, tun da ba ya cutarwa, kuma zai ɗauke rabon da dangin ofiyam suka taka.

Bugu da ƙari, maganin ba ya raba mutum da jarabar ƙwaya. Labarin mawaƙin nan na Amurka, Prince, ya isa misali. A tsakiyar watan Afrilu na 2016 jirginsa ya yi saukar gaggawa a garin Moline na Jihar Ilinoi, inda ma'aikatan agaji suka farfaɗo da shi da Narcan. Ba a cika mako guda ba, ranar 21 ga watan, aka tarar da gawarsa a gidansa, fentanil ya kashe shi, ba kowa a kusa. Wanda aka ceto yana bukatar jiyya ta dogon lokaci, wadda a ƙasashe da yawa ta haɗa da magunguna irin su metadon da ke kwantar da ƙishirwar ƙwaya a ƙarƙashin kulawar likita.

INA NIJERIYA TA TSAYA?

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun sha wata ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken. Daga cikinsu miliyan 4.6 sun sha magungunan dangin ofiyam irin su tiramadol da kodin ba bisa umurnin likita ba, miliyan 2.4 kuma sun sha maganin tari don maye. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana shigowa da maganin tari mai kodin da kuma sarrafa shi, bayan wani fim na binciken BBC ya tona yadda ake fataucinsa.

Tiramadol ɗin da aka yarda da shi a asibiti mai miligiram 50 ne ko 100, kuma likita ba ya wuce miligiram 400 a yini. Wanda Hukumar NDLEA ke kamawa a tashoshin jiragen ruwa na Ikko kuwa yakan kai miligiram 200 ko 225 ko 250 a ƙwaya ɗaya, ga shi leburori da ƴan acaba da manoma suna haɗiyar biyu ko uku don su jure aiki. Tiramadol yana da wani hali nasa na dabam: ban da rage numfashi yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, wadda nalokson ba ya maganinta. Maganin zai taimaka wa numfashi, amma jijjigar sai asibiti. A watan Fabrairu na 2025 wani binciken BBC ya sake nuna yadda ake shigo da ƙwayoyin da aka haɗa tafentadol da wani maganin sassauta tsoka daga Indiya zuwa Afirka ta Yamma, abin da ya sa gwamnatin Indiya ta hana yin wannan haɗi. A Saliyo kuwa, inda Shugaba Julius Maada Bio ya kafa dokar ta-ɓaci a kan ƙwayar kush a watan Afrilu na 2024, gwaji ya gano sinadaran nitazin a cikinta, waɗanda wasunsu sun kai fentanil ƙarfi ko sun fi shi. Abin da ya ci Amurka ke nan ya fara leƙo maƙwabta.

Nalokson yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, watau waɗanda ya kamata a samu a kowace ƙasa. A Nijeriya an fi saninsa a matsayin allurar da ake ajiyewa a manyan asibitoci, musamman wajen masu sa barcin tiyata. Tazarar da ke tsakanin wannan kabad da ɗakin da saurayi ya faɗi a wata unguwa ko ƙauye ita ce matsalar. Ga kuma tsoro: dokar NDLEA, hukumar da aka kafa a 1989, ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da hiroyin ko hodar Iblis da makamantansu, saboda haka abokan sha sukan gwammace su tsere. Iyaye kuma kunya takan sa su ɓoye yaro a gida har lokaci ya ƙure. Ya kamata jama'a su sani cewa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana kowane asibiti ƙin karɓar mai bukatar agajin gaggawa, ko mene ne dalili.

Darasin da Shikago da Sikotland suka bayar ba mai wuyar ɗauka ba ne. Gwamnatocin jihohi suna iya tabbatar da cewa akwai maganin a ɗakin gaggawa na kowane babban asibiti da kananan asibitocin karkara, a kuma koya wa nas-nas da ma'aikatan lafiya na ƙauye da ƴan sanda da ma'aikatan gidan yari yadda ake gane alamomin nan uku. Iyalin da suke da mai shan irin waɗannan ƙwayoyi, ko maras lafiyar da aka ɗora a kan mofin ko fentazosin na dogon lokaci, suna da haƙƙin su tambayi likita ko mai harhaɗa magani yadda za su sami makarin. Masu neman rabuwa da ƙwaya kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri da Yaba da Aro ta Abekuta. Hausawa sun ce in da rai da rabo. Yaron da aka maido wa numfashi yau shi ne ake sa ran gobe zai shiryu, ya koma makaranta ko sana'a, ya amfani iyayensa da ƙasarsa.